Ciwon Ido a Garken Barewar Ƙanƙara: Ƙwayar Harfis da Makiyayan Arewacin Turai

A can ƙuryar arewacin Turai, inda ƙasashen Norwe da Suwidin da Finlan da Rasha suka haɗa iyaka, akwai wata al'umma da ake kira Sami, wadda tun ƙarnuka da dama wani sashe nata ya rataya rayuwarsa a kan kiwon dabba guda ɗaya. Dabbar nan ba ta da suna a Hausa, tun da yake ba ta ƙasar Hausa ba ce. Su Sami suna ce mata boazu, masana ilmin dabbobi kuwa Rangifer tarandus suke kiranta. Domin sauƙin bayani, a wannan lacca za a riƙa ce mata barewar ƙanƙara, ɗanta kuma a ce masa maraƙi, ko da yake ta fi barewar da Bahaushe ya sani girma da kaurin jiki nesa ba kusa ba. Ƙahonta mai rassa ne kamar busasshiyar bishiya, yakan faɗi kowace shekara wani ya tsiro, kuma mace da namiji duka suna da shi, abin da ba a samu ga sauran danginta ba.

A kowace ɗaya daga cikin ƙasashen Norwe da Suwidin da Finlan akan ƙirga irin waɗannan dabbobi na kiwo abin da ya kama daga kimanin 200,000 zuwa 250,000 a lokacin hunturu, watau bayan an gama yanka na shekara. A Norwe mafi yawansu suna lardin Finmak ne, can ƙarshen arewa. A Suwidin an raba makiyayan zuwa gundumomin kiwo 51, a Finlan kuma ƙungiyoyi 54. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayani a kan wata ƙwayar cuta ta dangin harfis wadda ta daɗe a jikin waɗannan garkuna ba tare da kowa ya kula da ita ba, da kuma dalilin da ya sa a 'yan shekarun nan ta zama abin da ke hana makiyayi barci.

Kiwon da ba na turke ba

Kafin a shiga maganar cutar, wajibi ne a fahimci irin kiwon, domin a nan ne gindin zancen yake. Barewar ƙanƙara ba ta zama dabbar gida sosai ba. Tana da mai ita, tana ɗauke da shaidarsa a kunne, amma mafi yawan kwanakin shekara a sake take cikin duwatsu da dazuzzuka, tana neman abincinta da kanta, makiyayi kuwa yana kewaya gefen garke daga nesa. Tana haihuwa a watan Mayu, ɗa guda. A ƙarshen Yuni da cikin Yuli akan tara garke a shinge a kama maruƙa da igiyar zarge, a yanka musu shaidar mai uwarsu a kunne. Barbara takan kama daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba. Daga nan sai a sake tarawa domin rarrabe na wane da na wane, da fitar da na yanka. In hunturu ya shiga, dabbar takan tone dusar ƙanƙara da kofatonta ta ci wani tsiro mai kama da gansakuka da ake kira liken, wanda ke shimfiɗe a ƙasa, shi ne kuma babban abincinta har ƙanƙara ta narke.

Ke nan a tsarin gargajiya sau biyu ko uku kawai a shekara dabbobin ke cunkushewa wuri guda, kuma na 'yan kwanaki. A riƙe wannan, za a koma kansa.

Dabbar da ke rayuwa haka, idonta shi ne jarinta. A garin Turomso na Norwe rana ba ta fitowa ko kaɗan daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu, kuma cikin wannan duhu ne barewar za ta bi garke, ta gane wurin tono, ta hango abokin gaba. Bincike ya nuna cewa idonta yana ganin wani irin haske da idon ɗan Adam ba ya gani, kuma wata shimfiɗa mai ƙyalli da ke can bayan ƙwayar idon takan sauya launi daga ruwan zinariya a lokacin ɗumi zuwa shuɗi a hunturu, abin da ke ƙara mata gani cikin duhu. Saniyar da ta makance a turke ana iya kai mata harawa da ruwa har ta yi ƙiba. Barewar da ta makance a fili kuwa kwananta ya ƙare.

Yadda ciwon ke bayyana

Abin da makiyayi ke fara gani shi ne hawaye. Gashin da ke ƙarƙashin idon maraƙi yakan jiƙe, ya daskare saboda sanyi, dabbar tana ta ƙifta ido tana kawar da kai daga haske. Bayan kwana ɗaya ko biyu fatar ido takan kumbura, farin ido ya yi ja, sa'an nan gaban ƙwayar idon, wanda a da yake garau kamar madubi, ya dushe ya koma shuɗi-shuɗi ko fari. Hawaye ya zama kwantsa, kwantsa ta zama mugunya. Wasu dabbobin sukan warke daga nan, ko dai sarai ko da hakiya. Wasu kuwa gyambo kan buɗe a kan ƙwayar idon, ya yi ta ci har ido ya fashe ya tsiyaye. Yakan kama ido ɗaya, yakan kuma kama biyun, kuma ƙanana ya fi kamawa, musamman maruƙan da ke cikin hunturunsu na fari da 'yan shekara guda.

Ciwon ba baƙo ba ne. Tun a 1912 wani likitan dabbobi na Suwidin, Arvid Bergman, ya rubuta bayanin ciwon ido mai yaɗuwa a cikin waɗannan dabbobi. Amma kusan shekara ɗari ana ta kai-kawo a kan musabbabinsa. Wasu sun ɗora laifin a kan ƙura da tsinke da ke shiga idon maruƙa lokacin da garke ke zagaya shinge a guje. Wasu kuma sun kwatanta shi da ciwon idon shanu, wanda makiyayan shanu a ko'ina suka sani, wanda bakteriyar da ake kira Moraxella ke kawowa, ƙudaje kuma su yaɗa ta. Kwatancin yana da ma'ana, tun da alamomin sun yi kama ƙwarai. Sai dai akwai abin da bai zauna ba, domin ciwon barewa yakan ɓarke a tsakiyar hunturu, lokacin da babu ƙuda ko ɗaya da ke tashi a wannan ƙasa.

Halin ƙwayar harfis

Ƙwayoyin cuta iri-iri ne. Bakteriya halitta ce mai cin gashin kanta, tana ci tana hayayyafa, kuma magungunan kashe bakteriya irin su fenisilin suna iya kashe ta. Bairus kuwa ya fi ta ƙanƙanta ƙwarai, ba ya iya hayayyafa sai ya shiga cikin ƙwayar halittar jikin wata dabba ya juya ta ta riƙa ƙera irinsa, kuma waɗancan magunguna ba su yi masa kome. Harfis sunan wani babban dangi ne na bairus, wanda kusan kowace irin dabba tana da nata, har da mutum.

Abin da ya bambanta dangin harfis da sauran bairus shi ne in ya shiga jiki ba ya fita. Mai ƙyanda in ya warke, jikinsa ya kori ƙwayar ke nan. Amma mai ƙarambau in ya warke, ƙwayar takan bi jijiya ta koma wani kulli da ke kusa da lakar baya, ta laɓe can shekara da shekaru. Ran da mutumin ya tsufa, ko wata cuta ta raunana shi, sai ta sake biyo jijiyar ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a gefe guda na jiki. Haka kuma ƙurajen nan da kan fito wa mutum a leɓe bayan ya yi zazzaɓi, su ma aikin wata harfis ce da ta daɗe tana kwanton ɓauna, zazzaɓin ya buɗe mata ƙofa kawai. Harfis ɗin barewar ƙanƙara, wadda masana ke taƙaita sunanta da CvHV2, gida ɗaya ta fito da ta ƙarambau a rabon da masana suka yi, halinsu kuma ɗaya ne. Ba ta kama mutum, kuma naman dabbar da ke ɗauke da ita ba ya cutar da mai ci.

Ga yadda take yi. Takan shiga ta hanci ko ido ko al'aura, ta hayayyafa a wurin na 'yan kwanaki, dabbar tana fitar da ita cikin majina da hawaye. Jiki ya tashi ya yi yaƙi, ya ƙera garkuwa a cikin jini, ya kashe wadda ke fili. Amma kafin nan wani kaso ya riga ya hau jijiya ya isa kullin jijiyar fuska da ke gindin ƙwaƙwalwa, ko na ƙugu in ta al'aura ta shiga. A can takan daina hayayyafa, ta yi lamo, garkuwar jiki ba ta ganinta balle ta kai mata hari. Dabbar tana kiwo lafiya lau, ba mai iya cewa tana ɗauke da wani abu.

To, me ke tashe ta? Wahala. In dabba ta firgita, ko ta galabaita da yunwa, ko aka kore ta nesa, ko aka cusa ta cikin mota, jikinta yakan zubo da wani sinadari da ake kira kotisol cikin jini. Amfaninsa shi ne ya tattara ƙarfin jiki domin gudun tsira, amma yana yin haka ne ta hanyar rage wa garkuwar jiki ƙarfi. In abin ya daɗe, sai ƙwayar da ke laɓe ta farka, ta gangaro ta jijiyar da ta hau, ta sake bayyana a hanci da ido. Ita babbar dabbar da ta saba da ƙwayar sau da yawa ba ta nuna wata alama. Amma maraƙin da ke gefenta, wanda garkuwar da ya sha cikin dakashin uwa ta riga ta ƙare tun watanni da suka wuce, shi ne zai kwashi abin ɗanye.

Yadda aka gano ta

Ba neman maganin ciwon ido ne ya kai ga gano wannan ƙwaya ba, tsoron cutar shanu ne. Shanu suna da tasu harfis, wadda ke kawo musu ciwon hanci da maƙogwaro da ɓari, kuma ƙasashen arewacin Turai sun ɗaura ɗamarar kawar da ita daga shanunsu. Sai a 1982 Ek-Kommonen da abokan aikinta a Finlan suka ba da rahoton cewa sun sami garkuwar da ke kama ƙwayar shanun a cikin jinin bareyin ƙanƙara. Hankali ya tashi, domin in har bareyin da ke yawo a sake suna ɗauke da cutar shanu, to, duk wahalar tsabtace shanu ta zama aikin baban giwa. A 1986 masanan nan suka yi dabara: suka yi wa wata barewa mai wannan garkuwa allurar dekzametason, wanda magani ne mai aiki irin na kotisol, watau suka ƙirƙira mata wahala da gangan. Ƙwayar ta farka ta fito, suka kama ta. Da aka duba sai aka ga 'yar'uwar ta shanu ce ta kusa, amma ba ita ba ce. Kamar da ke tsakaninsu ce ta sa gwajin jini ya kasa rarrabe su. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya sun nuna cewa ƙwayar barewa ba ta samun gindin zama a jikin saniya. A cikin shekarun 1990 Norwe da Suwidin da Finlan duka suka rabu da harfis ɗin shanu, alhali ta barewa tana nan cikin garkuna.

Da hankalin masu shanu ya kwanta, sai maganar ta yi sanyi na wani lokaci. Carlos das Neves da Morten Tryland da abokan aikinsu a Turomso ne suka sake tono ta. Sun gwada jinin dabbobi fiye da 3,000 da aka ɗiba a mayankan Finmak tsakanin 2004 da 2006, suka buga sakamakon a 2009. Kusan rabin dabbobin suna da shaidar sun taɓa kamuwa. Amma rabon ya fi jimlar ban sha'awa: a cikin maruƙa abin bai kai ɗaya cikin goma ba, a cikin manya kuwa ya kai kimanin uku cikin huɗu. Ma'anar wannan a fili take. Ana haifar mafi yawan maruƙa ba su da ƙwayar, su ɗauke ta a hankali daga manya, kuma tun da mai ɗauka ba ya ajiyewa, adadin sai hawa yake yi da shekaru. An kuma sami irin wannan shaida a Suwidin da Finlan, har ma a Alaska da Kanada cikin danginta na daji da ake kira karibu, waɗanda ba mai kiwonsu. Ƙwayar da ta bazu haka, daga wannan gefen duniya zuwa wancan, lalle ta daɗe tare da dabbar.

A watan Fabrairu na 2009 ciwon ido ya ɓarke a wani garke a lardin Turoms na Norwe. Wannan karo masu bincike suna kusa, kuma sun san abin da za su nema. Suka duba dabbobi 28 masu ciwo da 12 masu lafiya, suka sami ƙwayar harfis a idanun masu ciwon, suka kuma raya ta a ɗakin gwaji. Amma samun ɓarawo a wurin da aka yi sata bai isa hujja ba, domin an sami bakteriya iri-iri a idanun, har da wata Moraxella. Wane ne ya fasa ƙofa, wane ne kuma ya shigo bayan an fasa? Amsar ta zo a wani gwaji da aka buga a 2017. Aka ɗauki bareyi masu lafiya, aka ɗiga wa wasu ƙwayar harfis a ido, wasu bakteriyar, wasu duka biyun, wasu kuma ba a sa musu wata ƙwaya ba. Duk waɗanda suka sami harfis sun kamu da ciwon cikin 'yan kwanaki. Waɗanda aka sa wa bakteriya kaɗai ba su kamu ba. Ke nan bairus ne ke fara yi wa ido rauni, bakteriyar da ke zaune a wurin ta sami hanyar shiga, ita ce kuma ke kawo mugunya da ruɓewa daga baya.

Adalci ne a ƙara da cewa ba kowane ciwon ido a garke ne na harfis ba. A wata ɓarkewa a Suwidin an sami wata ƙwaya dabam, kilamidiya, a idanun dabbobin. Haka kuma ɓarnar harfis ba a ido kaɗai ta tsaya ba. An same ta a huhu, an same ta a jikin 'yan tayi daga mahaifar matan da aka yanka, kuma a wani gwaji da aka farkar da ƙwayar a jikin mata masu ciki, ta bi jini ta isa ɗan tayi, har aka sami ɓari. Dabbar da ɗa ɗaya take haifa a shekara, ɓari ɗaya hasarar shekara ce cur.

Abin da ya sauya

In ƙwayar ta daɗe haka, kuma rabin garke na ɗauke da ita, me ya sa sai yanzu makiyaya ke yawan kuka da ciwon? Amsar tana ga abin da aka ce a riƙe tun farko. Kiwon ne ya sauya, kuma ba da son makiyayi ba.

Na farko dai yanayi. Wani bincike na 2022 ya nuna cewa tun daga 1979 yankin ƙuryar arewa yana ɗumama kusan ninki huɗu na saurin ɗumamar duniya gaba ɗaya. Wanda ke zaune a ƙasar zafi zai zaci wannan alheri ne ga dabba. Akasin haka ne. Busasshiyar dusar ƙanƙara mai laushi ba ta hana barewa ci, takan shinshino liken a ƙarƙashinta ta tone. Amma in iska mai ɗumi ta shigo a tsakiyar hunturu, ruwan sama ya zuba a kan dusar, sa'an nan sanyi ya dawo, sai ruwan ya daskare ya zama wani faifai mai tauri kamar daɓen siminti a kan abincin. Ga ci a ƙarƙashin ƙafa, ga yunwa. Sami suna da kalma ta musamman ga irin wannan muguwar shekara, goavvi, abin da ke nuna sun san ta tun kaka da kakanni, sai dai yanzu ta fi yawan zuwa. A Nuwamba ta 2013 irin wannan ruwa ya sauka a yankin Yamal na Rasha, ƙasar makiyayan Nenets, kuma kafin ƙarshen hunturun kimanin dabbobi 61,000 sun mutu da yunwa. A hunturun 2019 zuwa 2020 makiyayan Finmak su ma sun sha wuya, har sai da aka riƙa kai wa garkuna abinci.

A da, in ƙanƙara ta kulle makiyaya, makiyayi yakan kora garkensa zuwa wata, ko zuwa tsohon daji inda wani irin liken ke rataye a rassan itatuwa. Yanzu wuraren gudun sun ragu. Saran itatuwa na kamfanoni ya cinye tsofaffin dazuzzuka. A Suwidin an ƙiyasta cewa dajin da ke da yalwar liken ya ragu da kimanin kashi 70 cikin ɗari tun daga shekarun 1950, shi kuwa wannan tsiro 'yan milimita kaɗan yake ƙaruwa a shekara, in ya tafi sai an yi shekaru gommai kafin ya dawo. Ga ma'adinai, ga madatsun ruwa, ga hanyoyi, ga injinan samar da lantarki daga iska. A Oktoba ta 2021 Kotun Ƙoli ta Norwe ta yanke hukunci cewa injinan iskar da aka kafa a yankin Fosen sun tauye haƙƙin makiyayan Sami na wurin, kuma ɗaya daga cikin abubuwan da aka yi jayayya a kai shi ne ko ciyar da dabbobi a shinge zai iya maye gurbin makiyayar hunturu da suka rasa. Tun kafin wannan ma, haɗarin tashar nukiliya ta Carnobil a Afrilu na 1986 ya gurɓata liken a tsakiyar Suwidin da Norwe, aka zubar da naman dubun-dubatar dabbobi, makiyaya da yawa kuma suka koyi tsare na yanka suna ba su tsabtataccen abinci na makonni kafin a kai su mayanka.

Duk waɗannan hanyoyi wuri guda suke kaiwa, watau shinge da komin abinci. Makiyayi ya sayi dunƙulallen abincin kamfani da ciyawar da aka adana, ya tara garke ya riƙa zuba musu. Abin kuma ba na kwana biyu ba ne, gama tumbin barewa sai ya ɗauki lokaci kafin ya saba da sabon abinci, in an yi gaggawa zawo ya kashe ta. Saboda haka sai a yi makonni, wani lokaci watanni, dabbobin suna tsare. A duba abin da aka haɗa a nan: dabbobin da yunwa ta riga ta raunana, an koro su da baburan ƙanƙara, wani lokaci da jirgi mai saukar ungulu, ko an yi jigilarsu a manyan motoci, an cusa su wuri guda, manya masu ɗauke da ƙwaya da ƙanana marasa garkuwa suna tura kai cikin komi ɗaya, fuska na gogar fuska. Da wani zai zauna ya tsara yadda za a tashi ƙwayar harfis a kuma yaɗa ta, da wuya ya fi wannan tsari. Sanyi ma yana taimakonta, domin bairus irin wannan ba ya jure zafi da bushewa, amma yakan ɗan daɗe a wuri mai sanyi da laima. Ba ita kaɗai ke cin wannan gajiya ba: ciwon ƙurajen baki, da wani ciwon ruɓewar baki da ƙafa wanda ya addabi garkuna a zamanin da ake tsare mata domin tatsa, su ma sun sake ɗago kai a wuraren ciyarwa.

Mai ba da shawara daga ofis yana iya cewa, to, a daina tsarewa mana. Wannan magana ce ta wanda bai ga garke na mutuwa da yunwa ba. Makiyayin da ya tsare dabbobinsa ya san haɗarin ciwo sarai, ya dai auna ne ya ga in ya bar su a fili hasarar ta fi. Akwai kuma namun daji da ke jiran raunana: kyarkeci, da gaggafa, da wata babbar kyanwar daji, da wata dabba mai halin dage da ƙarfin hali irin nasa. Wannan ma yana rikita lissafi, domin maraƙin da ya makance ya ware daga garke, in naman daji ya cinye shi, a takarda hasarar namun daji za a rubuta, sunan ciwon ido ba zai fito ba.

Abin da ke hannun makiyayi

Hanyar da aka bi aka kawar da harfis ɗin shanu ita ce a gwada jini a fitar da duk mai ɗauke da ita. Wannan ba ta yiwuwa a nan, tun da zai zama an yanka uku cikin huɗu na iyayen garke, ga kuma na daji da ba mai iya kamawa. Babu allurar rigakafi da aka tanada domin wannan ƙwaya. Maganin kashe bakteriya yana da amfani wajen tsayar da ruɓewar da ke biyo baya, kuma yakan ceci ido in an fara da wuri, amma bai taɓa bairus ɗin ba. Ga kuma wata matsala da likitan shanu bai sani ba: kafin a sa wa barewa magani a ido sai an jefa mata igiya an kayar da ita, in kuwa za a maimaita haka kullum, ita da duk garken da ke kallo sun sha irin wahalar da ke tashin ƙwayar. Dabbar da aka yi wa allura kuma ba a yanka ta domin ci sai wa'adin maganin ya wuce.

Saboda haka shawarar likitocin dabbobi ta fi karkata ga tsarin kiwon. In za a ciyar, a fara tun dabbobi ba su rame ba. In hali ya yi, a baza abincin a fili a kan tsabtatacciyar dusar ƙanƙara maimakon cikin shinge, a riƙa sauya wuri. In shingen ya zama dole, ya kasance mai faɗi, komaye su yi yawa yadda ba sai an yi turereniya ba, kada kuma a gwama garkunan da ba su saba da juna ba. A gajarta kora da jigila. A riƙa duba fuskar maruƙa kowace safiya, wanda aka ga gashin ƙarƙashin idonsa ya jiƙe a ware shi nan take zuwa wani shinge dabam mai nasa komi. Wanda ciwon ya ci idonsa biyu kuwa, yanka shi ya fi barinsa.

Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana cin kuɗi da hannu, a lokacin da makiyayi ya riga ya zuba abin da yake da shi wajen sayen abinci. Hasarar kuma tana faɗawa ne a kan zaɓaɓɓun dabbobi. A tsarin kiwon ƙasashen nan uku a yau, mafi yawan abin da ake yankawa a kaka maruƙan shekarar ne. Waɗanda aka bari su shiga hunturu su ne waɗanda mai garke ya duba ya ga sun fi kyau da ƙwari, galibinsu mata, domin su gaji iyayensu wajen haihuwa bayan shekara biyu. Su ne kuma ke tsaye a bakin komi a watan Fabrairu ba su da garkuwa.